Farar Mota a Ƙofar Baba Obi

Duk Fadaman Mada babu wanda bai san farar motar nan ba. Doguwa ce, da labule mai ruwan toka a tagoginta, kuma ba ta taɓa tsayawa a ƙofar wani gida an yi dariya ba. Ƙungiyar Ibo mazauna Bauchi ce ta saye ta, don su nasu, ko shekara nawa mutum ya yi a arewa, ba a binne shi sai a garin ubansa. Idan ɗayansu ya rasu, sai a ɗauko shi daga asibiti a fara kawo shi ƙofar gidan da ya zauna, motar ta ɗan tsaya ya yi sallama da gidan, sannan a kama hanyar kudu. Yara na hango ta suke tsayar da ƙwallo. Mata masu tuya a bakin titi kuwa sai su rage murya har ta wuce.

Wanda ke zama kusa da direba a kowace tafiya shi ne Obiefuna, da unguwa ke kira Baba Obi. Sana'arsa sayar da kayan famfo ce a wajen Wunti, amma an fi saninsa da rakiyar gawa. Yana da nasa salon: ba ya yarda mamaci ya yi tafiya a makance. Da an tashi zai juya baya ya kira sunan mutumin, ya ce masa da yarensu, ga mu mun bar Bauchi, ga Miri, ga Nabordo, yanzu za mu hau Jos, ka yi haƙuri da sanyi. A gadar Makurdi har ɗaga murya yake yi, wai kada ruwa ya ɗauke wa mutum hankali ya tsaya a can. Irmiya direba ya ce da farko abin yana sa tsigar jikinsa ta tashi, daga baya kuma ya zama ba ya jin daɗin tuƙin in babu muryar. Da haka Baba Obi ya raka abokan kasuwa, ya raka jarirai, ya raka matarsa Dorcas.

Da gwiwoyi suka fara ba shi kashi, sai ya sayar da shagon ya zauna a gida. Nan ɗansa Azubuike, wanda ke aiki a Enugu, ya tasa shi gaba. Kullum waya.

"Papa, me ya rage maka a Bauchi? Shago babu, Mama tana nan. Ga gidan da ka gina, ƙadangaru ne ke kwana a ciki."

Gaskiyar yaron ce, kuma shi ne abin haushin. Baba Obi ya gina gida a ƙauyensu, mai fenti da rufin zamani, ga kabarin Dorcas a gefen ƙofa, amma bai taɓa yin mako cur a cikinsa ba. Duk zuwan da yake yi da gawa yake zuwa, har yaran garin suka riƙa gudu in sun ga ya sauka daga mota. A Bauchi kuwa gida ne tsoho mai tsagaggen bango, sai wani benci a ƙarƙashin dogon yaro inda yake hira da Hammajoda tun gashinsu yana baƙi. Hammajoda Bafulatani ne da ya bar kiwo ya zauna a gari, yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya gane mutum da murya. Kowace yamma sai sun yi gardama a kan abin da bai taka kara ya karya ba, su rabu suna tsaki, gobe kuma wanda ya riga fitowa ya share wa ɗayan wurin zama.

Ya yi ta juya maganar a ransa har damina ta kankama, ran nan dai ya gaji ya ce wa Azubuike to.

Mutumin da ya iya yi wa gawa magana tun daga Bauchi har Enugu, sai ga shi ya kasa buɗe baki ya gaya wa maƙwabci zai tashi. Sau nawa ya zauna a bencin da niyyar faɗa, ya ɓuge da zancen tsadar taki. Daga ƙarshe ya daina fitowa gaba ɗaya. Ya kulle kansa yana ɗaure kaya a kwali, in an ƙwanƙwasa ya yi shiru, yana ce wa kansa zai bi gida gida ya yi sallama da safen tafiya, lokacin da babu sauran mai hana shi.

'Yan ƙungiya kuma suka ga ya kamata su karrama shi. Wace karramawa ta wuce a ba shi motar da ya yi wa hidima ta kwashe masa kaya? Da shugaban ya faɗa, kowa ya tafa. Baba Obi bai ga aibun abin ba, shi da ya saba da motar kamar ɗakinsa. Roƙo ɗaya ya yi wa Irmiya, ya zo ranar Juma'a da rana tsaka, lokacin da maza suke masallaci, layin babu kowa.

Haka aka yi. Suka kwance gadon katako suka shimfiɗa a bayan motar, suka naɗe katifa suka ɗora a kai, Baba Obi ya rufa mata farin zanin gado don kada ta yi datti. Sai Irmiya ya leƙa inji ya ce bel ya tsage, ba zai kai su Jos ba. Ya ja labulen motar, ya saƙala kwaɗo a ƙofar gidan ta waje kamar yadda ya saba yi a gidajen da yake tsayawa, ya tare ɗan acaɓa ya tafi neman sabo. Bai lura ba ashe tuni Baba Obi ya koma ɗakin da babu komai sai tabarma, ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa. Wayarsa ma a kashe take, don ya gaji da tambayar Azubuike ko an gama lodi. Barci mai nauyi ya kwashe shi.

Abin da ya tashe shi ba ƙara ba ce. Wani irin gunaguni ne ƙasa ƙasa, na mutane da yawa masu magana a hankali. Ya buɗe ido ya ga ɗaki fayau, babu gado, babu labule, babu hoton bikinsu a bango sai farin gurbin da ya bari. Hasken da ke shigowa ta taga ba na rana ba ne, ba kuma na dare ba. Ya kasa kunne.

"Mutum ne mai haƙuri," in ji wata murya a bayan katanga. "Famfon masallacin nan shi ya gyara mana, bai ko bari an gode masa ba."

"Ashe shi ya sa ba a ganinsa kwanan nan. Ciwo yake yi shi kaɗai."

"Allah sarki, Baba Obi."

Sai wata mace ta fashe da kuka, ya gane Liatu ce ta gidan da ke kallon nasa.

Ya san wannan sautin sarai, ya tsaya a cikinsa a ƙofar gidaje da yawa. Bai dai taɓa jinsa daga cikin ɗaki ba. Ya kai hannu ƙirjinsa. Hannun ya mutu saboda kwanciyar da ya yi a kansa, bai ji komai ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Ya so ya yi tari don ya ji muryarsa, maƙogwaron ya bushe ƙamas.

Ya miƙe da ƙyar ya je ƙofar gida ya ja, ya ji ta a kulle ta waje. Bai buga ba, kuma ko daga baya bai san abin da ya hana shi ba. Sai ya bi ta ƙaramar ƙofar baya, ya ratsa lungun da ruwa ke bi, ya ɓullo ta bayan jama'a.

An shimfiɗa tabarmi tun daga gindin dogon yaro har bakin kwalbati. Maza na zaune da kayansu na Juma'a, kowa ya sunkuyar da kai. Mata sun taru a ƙofar gidan Liatu. Duk sun ba shi baya, sun fuskanci farar motar. Ta inda labule bai haɗu ba, ana hango wani abu dogo a kwance, lulluɓe da farin zane.

Shi ya ɗora katifar nan da hannunsa, shi ya rufe ta. Amma da ya dube ta daga inda yake tsaye, sai ya ga tsawonta daidai nasa, har da ɗan tudu a wajen ƙafafu. Hadari ya haɗu ya rufe gari, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Ya dubi ƙasa bai ga inuwarsa ba. Wani mai babur ya zo wucewa, ya ga taron, ya kashe inji ya tura da hannu, ya bi ta gabansa bai ko kalle shi ba. Wata akuya ce kaɗai ta daina tuƙa ta zuba masa ido.

Ashe haka abin yake, in ji shi a ransa. Ashe mamatan suna tsaye a nan duk lokacin da nake juyawa baya ina yi musu magana.

Ƙafafunsa suka kai shi gefen tabarma ta ƙarshe, ya zauna. A zaman makoki ba a ɗaga kai a ga wa ya zo. Na kusa da shi ya miƙo hannu ta gefe, ido na ƙasa, ya ce, "Ya haƙuri?" Baba Obi ya ba shi hannu. Mutumin ya ɗan riƙe, ya saki, ya goge tafinsa a riga.

Can gaba, a kan bencinsu, Hammajoda ne zaune shi kaɗai, ya jingina haɓa a kan sanda. Shi ake zuwa yi wa gaisuwa, tunda mamacin ba shi da kowa a gidan. Wurin Baba Obi a bencin babu wanda ya zauna.

"Ja'afaru," in ji Hammajoda, yana kiran telan da ke zaune kusa da ƙafarsa. "Direban bai dawo ba?"

"Bai dawo ba, Baffa. Wataƙila ya je ɗauko mutanensu."

"To wa zai zauna a gaba?"

"A gaban me?"

"A gaban motar. Shi ne mai raka kowa, yana gaya musu hanya. Yau shi wa zai gaya wa?"

Hammajoda ya dogara sanda ya miƙe. Ja'afaru ya riƙe masa hannu, yana cewa a hankali, "Baffa, wanda ya tafi ba ya jin maganarmu."

"Na sani. Amma shi ya yarda suna ji. Kai ni."

Aka kai shi jikin motar. Ya lalubi gilashin ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya sa bakinsa kusa.

"Obi, ni ne. Ban iya yarenku ba, sai ka yi haƙuri da Hausa." Ya ƙara matsawa jikin motar. "Hanyar nan na san ta da ƙafa, na kora shanu a kanta har Lafiya tun ba ka zo garin nan ba. Gaba da nan sai mu riƙa tambaya. Zan zauna a wurinka, in direba ya faɗa mini gari in faɗa maka. Kada ka ji tsoro. Amma ka cuce ni, Obi. Kana ciwo, katanga ɗaya tsakaninmu, na zo na buga ƙofa na buga, ka yi shiru."

Nan muryar ta karye, tsohon ya kifa goshi a jikin gilashi yana kuka kamar yaro.

Baba Obi bai san lokacin da ya miƙe ba. Kunya da baƙin ciki suka taso masa lokaci ɗaya, suka buɗe maƙogwaron da ya ƙi buɗuwa.

"Hamma," ya ce. "Ina jinka. Ga ni nan a baya."

Abin da ya biyo baya, har yau kowa da yadda yake ba da labarinsa, kuma kowa cewa yake shi bai gudu ba. Gaskiya dai tabarmi sun tashi sama, takalma sun rasa masu su, salati ya cika layin. Mutumin da ya gaisa da shi ya tsaya yana duban tafin hannunsa kamar ba nasa ba. Liatu ta saki tulun ruwan da ta ɗauko wa masu zaman, ta zauna daɓas a ƙasa tana kiran sunan Yesu. Hammajoda ne kawai bai motsa ba, sai dai ya ɗaga goshinsa daga gilashin, ya juya kunne.

"Daga ina ka yi magana?"

"Daga nan. Da raina, Hamma. Barci na yi."

Ja'afaru ya yi ta maza ya fizge ƙofar bayan motar, ya kama bakin zanen da yatsu biyu ya ja. Katifa ce, da igiya a ɗaure, a kan katakon gado. Wani ya ce ashe katifa ce, ya fara dariya, ya ji shi kaɗai ne, ya haɗiye abarsa.

Baba Obi ya ratsa ta tsakiyar mutane, suna darewa suna ba shi hanya fiye da yadda yake buƙata. Hammajoda ya miƙa hannu ya shafa fuskarsa, goshi, hanci, har ya sa yatsa a ƙarƙashin hancin ya ji numfashi. Sannan ya kama wuyan hannunsa ya riƙe gam.

"To in ba ka mutu ba, ina za ka da katifa?"

"Gida," in ji Baba Obi. Kalmar ta fito masa a sanyaye. "Yaro ya matsa. Gobe da safe. Da zan zo in yi sallama."

"Gobe da safe."

Liatu ta tashi tana kakkaɓe zane, ta ce, "Baba, da haka za ka yi mana? Mu wayi gari mu ga kwaɗo?"

"Ka bar mu mu ci gaba da zamanmu kawai," in ji Hammajoda, kuma ba wasa a muryarsa. "Ni da ba na gani, mutuwarka da tafiyarka duk ɗaya ne a wurina. Ta farkon ma ta fi, don ita ba da saninka ba ce."

Sai ga Irmiya a kan acaɓa, da sabon bel a rataye a kafaɗa. Ya ga tabarmi, ya ga takalma a warwatse, ya dubi motarsa, ya dafe kai. Ya matso a hankali ya ce, "Baba, ruwa zai sauko. Mu ɗora sauran kwalayen ne?"

Baba Obi ya dubi motar. Ya tuna kabarin Dorcas a gefen ƙofar gidan nan mai fenti, da ciyawar da ke cin gefensa duk damina, da alkawarin da ya yi mata a ransa cewa ba zai bar ta ita kaɗai da daɗewa ba. Zuciyarsa ta yi masa ciwo sosai, don ya san abin da zai faɗa, kuma ya san Dorcas ce za ta biya. Ya dubi hannun da ke riƙe da nasa.

"Sauke," ya ce.

"Baba?"

"Sauke gadon. Buɗe ƙofar."

Mazan da suka zo raka gawa su suka ɗauki katakon gado a kafaɗa suka mayar ciki, Ja'afaru da wani suka kinkimi katifar. Ba a yi hayaniya ba. Kowa ya zo wucewa ta kusa da Baba Obi sai ya ɗan taɓa shi, a kafaɗa ko a gwiwar hannu, kamar bisa kuskure. Irmiya ya ɗaura bel ɗinsa cikin yayyafi, ya ja motar a hankali, wayam, mutane suka bi ta da kallo har ta sha kwana.

A baranda Baba Obi ya kunna waya da hannu ɗaya, don ɗayan ba a sake shi ba. Azubuike ya yi faɗa, ya yi roƙo, daga ƙarshe ya yi tambayar da uban yake tsoro.

"Mama fa?"

"Ka je ka share mata ciyawa," in ji shi, hawaye na bin kumatunsa. "Ka ce mata na ƙara kwana. Ta san ni da nawa."

Ruwa ya sauko da ƙarfi ya kori sauran jama'a. Suka rage su biyu a kan kwalin kwanuka, suna jin ruwan yana dukan kwano.

"Na yi maka kukan gaske yau," in ji Hammajoda can. "Ban san ko ya rage ba, in mutuwar ta zo da gaske."

"Wanda ka yi ya isa."

Hammajoda bai saki hannun ba. Yatsunsa na nan a kan jijiyar hannun abokinsa, yana saurarenta, har aka kira magariba. Sannan ya saki, ya lalubi sandarsa ya miƙe. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Zan je in yi salla in dawo. Ka zauna nan inda zan same ka."

Baba Obi ya gyara zama a kan kwalin.